Gaɓa Bayan Gaɓa: Yadda Fara, Kunama Da Ƙaguwa Suka Samo Siffar Jikinsu

Mai gyaran fara kafin suya ya san cewa fukafukai da ƙafafu duk daga wuri ɗaya ake fizge su, wato tsakiyar jiki. Ƙafafu shida, fukafukai huɗu, dukansu a ƙirji. Kai na ɗauke da baki da idanu da eriya biyu, ciki kuwa zobe-zobe ne kamar gaɓoɓin rake, ba ko ƙafa ɗaya a jikinsa. Kunama na da ƙafafu takwas da hannuwa biyu masu matsa, ba ta da eriya, ba ta da fiffike, ga wutsiya mai gaɓa biyar da ƙari a ƙarshenta. Ƙaguwa na da ƙafafu goma idan an haɗa da manyan hannuwanta. Shanshani na da ƙafa biyu a kowace gaɓa, ƙadandoniya kuwa huɗu-huɗu a mafi yawan zobbanta.

Duk waɗannan 'yan gida ɗaya ne a ilimin halittu. Sunan gidan atrofoda, daga kalmomin Girkanci masu nufin ƙafa mai mahaɗa, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na jinsunan dabbobin da aka raɗa wa suna a duniya daga cikinsa suke. Abu uku ya haɗa su: jiki mai gaɓoɓi a jere, ƙafafu masu mahaɗa, da ɓawo mai tauri a waje maimakon ƙashi a ciki. Abin da binciken shekaru arba'in da suka wuce ya fito da shi fili shi ne, bambancin da ke tsakaninsu bai taso daga ƙirƙiro sababbin sassa ba. Gaɓa ɗaya ce ake maimaitawa, kowace da damar fitar da ƙafa biyu, sannan a raba musu aiki: wannan ƙafar ta zama muƙamuƙi, waccan ta zama eriya, wata ta tsaya ƙafa, wata kuma a hana ta fitowa gaba ɗaya.

A jikin ƙwaro lissafin kusan a tsaye yake. Mafi yawan masana na ƙirga gaɓa 6 da suka narke suka zama kai, 3 a ƙirji, 11 a ciki a tsarin asali, ko da yake a wasu ƙwarin na ƙarshen sun shige cikin juna. Bakin fara kansa ƙafafu ne da suka sauya aiki. Gaɓa ta huɗu ta kai ita ke ba da muƙamuƙai masu yankan ganye, ta biyar ta ba da wasu ƙananan muƙamuƙai masu riƙe abinci, ta shida ta ba da leɓen ƙasa, wanda ƙafafu biyu ne da suka manne da juna. Wannan kayan aikin ne a bakin sauro, sai dai an ja shi ya yi tsawo: allurai shida siraran gaske a cikin kube, kuben kuma shi ne leɓen ƙasa, wanda ke lanƙwashewa baya lokacin da alluran suka shiga fata. A malam-buɗe-littafi muƙamuƙan yanka sun ɓace a mafi yawan jinsuna, wani ɓangare na ƙananan muƙamuƙan ne ya miƙe ya zama bututun tsotson ruwan fure.

Abin da duwatsu suka adana

Zamanin da ake kira Kambiriyan ya fara ne kimanin shekaru miliyan 539 da suka wuce, kuma a duwatsunsa ne aka fara ganin wannan gida. Wurare uku suka fi ba da haske, domin laka ta binne halittun da sauri har sassa masu laushi suka bar siffarsu. Akwai Burgess Shale a yammacin Kanada, wanda Charles Walcott ya gano a 1909, mai shekaru kusan miliyan 508. Akwai Chengjiang a lardin Yunnan na ƙasar Sin, wanda Hou Xianguang ya gano a 1984, mai shekaru kusan miliyan 518. Sai Sirius Passet a arewacin Girinlan.

Idan aka jera abin da aka tono a waɗannan wurare, ana ganin sassan jikin suna zuwa ɗaya bayan ɗaya, ba a dunƙule ba. A ƙasan jerin akwai wasu halittu masu kama da tsutsa, jiki mai laushi, ƙafafu gajeru marasa mahaɗa, irin su Aysheaia da Hallucigenia. Ita Hallucigenia ta wahalar da masana: zanen farko da aka yi mata a 1977 ya kifa ta, ƙayoyin bayanta aka ɗauka ƙafafu ne, sai a 1991 samfuran ƙasar Sin suka sa aka juya ta daidai. Sama da su akwai Kerygmachela da Opabinia mai ido biyar, waɗanda suka ƙara wasu faifai a gefen jiki don iyo. Daga nan sai Anomalocaris da danginta, masu idanu irin na ƙwari da hannuwa biyu a gaban kai masu mahaɗa da tauri, alhali sauran jikin na nan da laushinsa. Wato ƙafa mai mahaɗa ta riga jiki mai sulke zuwa, kuma a gaban kai ta fara bayyana.

Afirka ma ta ba da nata kason. A duwatsun Fezouata na ƙasar Maroko an samo Aegirocassis, 'yar gidan Anomalocaris mai tsawon kusan mita 2, wadda ta rayu kimanin shekaru miliyan 480 da suka wuce, aka bayyana ta a 2015. Tana da faifai jeri biyu a kowane gefe, na sama da na ƙasa. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa ƙafa mai reshe biyu da ake gani a jatan lande da tirilobait (wasu atrofodan teku da suka ɓace), reshe ɗaya na tafiya ɗaya na numfashi ko iyo, ta samu ne daga haɗuwar waɗannan jeri biyu. Su tirilobait sun bayyana kimanin shekaru miliyan 521 da suka wuce, suka ƙare a babbar halakar da ta auku shekaru miliyan 252 baya. Ƙafafunsu daga bayan eriya har ƙarshen jiki kusan iri ɗaya ne, kuma wannan shi ne abin lura: a farkon lamari ba a raba wa ƙafafu aiki sosai ba.

Binciken ƙwayoyin gado ya gyara kurakurai biyu da suka daɗe a littattafai. An daɗe ana ɗaukar tana a matsayin 'yar uwar atrofoda ta kusa saboda ita ma jikinta zobe-zobe ne, amma tun 1997 aka nuna cewa danginsu na kusa su ne halittun da ke yin saɓa, har da tsutsar ciki mai siffar zare. Na biyu, ƙwari ba ƙannen shanshani ba ne kamar yadda aka zata don duk suna numfashi ta bututun iska a kan tudu. Reshe ne da ya fito daga cikin gidan ƙaguwa da jatan lande. Fara ta fi kusa da jatan lande a kan shanshani.

Yadda ƙwai ke yanka kansa gaɓa-gaɓa

Mafi yawan abin da aka sani dalla-dalla an samo shi ne daga ɗan ƙaramin ƙudan nan mai jan ido da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro ko ayaba, Drosophila melanogaster. Ƙwansa bai wuce rabin milimita ba, kuma yana ƙyanƙyashewa cikin kusan kwana ɗaya a zafin digiri 25. Bayan haɗuwar maniyyi da ƙwai, cibiyar sel (sel shi ne ƙaramin tubalin ginin jiki) na rabuwa sau 13 ba tare da an gina bango a tsakani ba, har a samu cibiyoyi kusan 6,000 jere a ƙarƙashin fatar ƙwan, duk a ɗaki ɗaya. Sai wajen sa'a ta uku bangaye ke saukowa. Wannan rashin bango yana da muhimmanci, domin furotin na iya yaɗuwa daga wannan gefe zuwa wancan kamar shuni a cikin ruwa.

Aikin na tafiya ne hawa huɗu. A hawa na farko uwa ce ke ajiye saƙo tun kafin ta saki ƙwan: na wata ƙwayar gado da ake kira bicoid a gaba, na wata mai suna nanos a baya. Furotin ɗin bicoid na da yawa a gaba, yana raguwa a hankali zuwa baya, don haka kowace cibiya na gane inda take ta yawan abin da ya iso gare ta. Idan uwa ba ta da bicoid mai aiki, ɗan tayin ba ya yin kai ko ƙirji, sassan wutsiya ne ke fitowa a gaba da baya. Idan aka ɗura saƙon bicoid a tsakiyar irin wannan ƙwai, sassan kai a tsakiya suke fitowa.

A hawa na biyu wasu ƙwayoyin gado, hunchback da Krüppel da giant da knirps, ke karanta wannan ma'auni su raba ƙwan zuwa manyan yankuna, kowace na danne maƙwabciyarta don iyaka ta fito sosai. Idan Krüppel ta lalace, ƙirji duka da gaɓoɓin farko na ciki ne ke ɓacewa, a bar giɓi. A hawa na uku, even-skipped da fushi tarazu da hairy da runt ke fitowa a layuka bakwai-bakwai kamar zanen saƙi. Lalacewar ɗaya daga cikinsu na cire gaɓa ɗaya ta tsallake ɗaya, tsutsar ta fito da rabin adadin da ya kamata. Sunan fushi tarazu ma Japananci ne, ma'anarsa gaɓoɓi ba su cika ba. A hawa na huɗu, engrailed da wingless da hedgehog ke fitowa a layuka 14, su ne ke kafa iyakar kowace gaɓa su kuma bambanta gabanta da bayanta. Zuwa lokacin an riga an gina bangaye, don haka sel-sel ke aika wa juna saƙo: mai wingless na raya engrailed a maƙwabcinsa, shi kuma ya mayar da hedgehog ya raya wingless. Idan zagayen ya yanke, wani sashe na kowace gaɓa na ɓacewa, a maye gurbinsa da kwafin abin da ya rage a juye.

Christiane Nüsslein-Volhard da Eric Wieschaus ne suka tono wannan tsari a Heidelberg ta Jamus, ta hanyar lalata ƙwayoyin gado da sinadari da duba dubban matattun tsutsotsi ɗaya bayan ɗaya a madubin ƙara girma. Sun wallafa sakamakon a 1980, suka kuma raba kyautar Nobel ta 1995 da Edward Lewis.

Sai dai kuskure ne babba a ɗauki ƙudan nan a matsayin ma'aunin kowa. Bicoid ba ta wanzu sai a wani rukuni na ƙudaje, sauro ma ba shi da ita. Kuma yanka dukkan gaɓoɓi a lokaci guda dabara ce ta baya-bayan nan, ta masu gaggawar ƙyanƙyasa. Fara da gizo-gizo da shanshani da jan ƙwaron nan mai ɓata gari a buhu, Tribolium, suna fara kafa gaɓoɓin kai ne, sannan su riƙa ƙara saura ɗaya bayan ɗaya daga wani yanki a bayan ɗan tayin. A wannan yanki ƙwayoyin gadon hawa na uku suna kunnuwa suna mutuwa a kai a kai kamar bugun agogo, kowane zagaye ya bar layi a baya. An nuna haka kai tsaye a Tribolium a 2012. Irin wannan agogo ne ke yanka gaɓoɓin ƙashin baya a ɗan tayin kifi da kaza da mutum. Abin da bai canja ba a duk atrofodan da aka duba shi ne hawa na huɗu: layin engrailed na nan a bayan kowace gaɓa.

Wannan agogo ya bayyana wani abu da ya daɗe yana ɗaure kai. A duk jinsunan shanshani, idan aka ƙirga gaɓoɓin da ke ɗauke da ƙafafun tafiya a baligi, adadin mara ne kullum: 15, 21, 23, har zuwa 191, ba a samun cika a matsayin ƙa'idar jinsi. Binciken da aka yi a kan wani shanshanin bakin teku na Birtaniya, Strigamia maritima, ya nuna cewa ɗan tayin na shata gaɓoɓin jikinsa bibbiyu ne kafin ya raba su. Ita ƙadandoniya kan fito daga ƙwai da ƙafafu shida kacal, ta riƙa ƙara zobba a duk saɓar da ta yi. Wadda ta fi kowa ƙafafu, Eumillipes persephone, an samo ta a ƙarƙashin ƙasa a yammacin Ostireliya, aka bayyana ta a 2021 da ƙafafu 1,306.

Masu raba aiki

Yanka gaɓoɓi daban, gaya wa kowace abin da za ta zama daban. Wannan aiki na biyu na hannun wani rukunin ƙwayoyin gado da ake kira Hox. A ƙudan 'ya'yan itace guda 8 ne, duk a kan kromosom (ƙunshin zaren gado) na uku: labial, proboscipedia, Deformed, Sex combs reduced, Antennapedia, Ultrabithorax, abdominal-A, Abdominal-B. Jerinsu a kan kromosom ya yi daidai da jerin inda suke aiki a jiki, daga kai zuwa wutsiya. Su da kansu ba sa gina ƙafa ko fiffike. Kowace na samar da furotin mai wani sashe na amino asid (tubalan furotin) 60 da ke kama zaren gado, ya kunna wasu ƙwayoyin gado ya kashe wasu. Kakan atrofoda na da guda 10, biyun da suka rage a ƙuda sun bar aikin sun kama wani: ɗaya ita ce fushi tarazu, ɗayar kuma daga tsatsonta bicoid ta fito.

Idan Hox ta kuskure wuri, ba nakasa mara siffa ake samu ba, sashe ne cikakke ke fitowa a inda ba nasa ba. William Bateson ya bayyana irin wannan a 1894, Calvin Bridges kuma ya samu ƙudan farko mai irin wannan sauyi a 1915. Idan Antennapedia ta kunnu a kai, ƙafafu ne ke tsirowa a gurbin eriya. Misalin da ya fi shahara shi ne na Ultrabithorax. Ƙuda da sauro fiffike biyu gare su, a gaɓa ta biyu ta ƙirji. A gaɓa ta uku akwai wasu 'yan sanduna biyu masu kan tabarya da ke kaɗawa suna auna juyin jiki a sama. Ultrabithorax ce ke mayar da fiffiken baya wannan sanda. Da Lewis ya haɗa sauye-sauyen da ke hana ta aiki a wannan gaɓa, sai ƙuda ya fito da cikakkun fukafukai huɗu.

A buzuzu da danginsa lamarin ya juya. Fiffiken gaba ne ya zama murfi mai tauri, na baya ya tsaya mai laushi don tashi, kuma Ultrabithorax ce ke kare na bayan. Da aka kashe ta a Tribolium a 2005, fukafukan baya ma murfi suka zama. Ƙwayar gado ɗaya, gaɓa ɗaya, sakamako daban, saboda jerin abubuwan da take kunnawa da kashewa ya bambanta a kowane gida.

Batun rashin ƙafa a gaɓoɓin cikin fara shi ya fi dacewa a tsaya a kansa, domin yana nuna cewa abin da ido ke gani kamar rashi aiki ne da ake yi. Kowace ƙafar atrofoda na farawa ne da kunnuwar wata ƙwayar gado, Distal-less, a wani ɗan tabo a gefen gaɓa. A gaɓoɓin ciki na ƙwaro, Ultrabithorax da abdominal-A ke danne ta, shi ya sa ƙafa ba ta fitowa. A wani ɗan jatan landen ruwan gishiri, Artemia, Ultrabithorax na aiki a duk gaɓoɓin da ke ɗauke da ƙafafun iyo ba tare da ta hana su ba. Gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2002 sun nuna cewa ƙarshen furotin ɗin ne ya sauya a zuriyar ƙwari, ya ƙara masa ƙarfin dannewa.

Manomi na iya ganin keɓantaccen lamarin a gonarsa. Tsutsar nan mai cin masara da ta shigo Afirka ta Yamma a 2016 na da ƙafafu na gaskiya guda shida a ƙirji, sirara masu mahaɗa, sannan tana da wasu kututturai masu laushi guda goma a ciki: a gaɓa ta 3, 4, 5, 6 da ta 10. A ɗan tayin malam-buɗe-littafi an ga yadda hakan ke faruwa: ana kashe masu dannewar a wasu 'yan da'irori a gaɓoɓi na 3 zuwa 6, kamar a huda tabarma, sai Distal-less ta kunnu ta cikin hudar. Idan tsutsar ta rikiɗa, kututturan sun tafi, shidan ƙirji ne ke zama ƙafafun baligi.

A gidan ƙaguwa kuwa matsar da iyaka aka yi. Michalis Averof da Nipam Patel sun nuna a 1997 cewa inda aikin Ultrabithorax ya fara a ƙirji shi ke nuna yawan ƙafafun da za su koma taimaka wa baki. Idan ta fara daga gaɓar farko, babu ko ɗaya. Idan ta ja baya da gaɓa ɗaya, ƙafafun wannan gaɓar sun zama hannuwan cin abinci. Ƙaguwa na da gaɓa 8 a ƙirji, 3 na gaba sun koma baki, 5 suka rage, shi ne ƙafafu goma. Daga baya an rage ƙarfin Ultrabithorax a wani ƙaramin jatan lande, Parhyale, sai ƙafafun da ke bin bakin suka rikiɗe zuwa na cin abinci kamar yadda aka yi hasashe.

Gizo-gizo ya kai ga ciki mara ƙafa ta wata hanya dabam. A wurinsa Antennapedia ce ke hana ƙafa a farkon ciki, ita da a ƙwari take aiki a ƙirji mai ƙafafu. Da aka kashe ta a wani gizo-gizon gida a 2012, 'ya'yan sun fito da ƙafafu goma. Taswirar Hox ta kuma warware tsohuwar gardama kan yadda gaɓoɓin gizo-gizo suka dace da na ƙwari a 1998: haƙoran dafin gizo-gizo na kan gaɓar da ke ɗauke da eriya ne a ƙwari, ƙafafunsa shida na gaba kuma suna kan gaɓoɓin da suka ba fara muƙamuƙai da leɓe. Wato da abin da fara ke tauna da shi gizo-gizo ke tafiya. Kakan gizo-gizo da kunama ya ninka dukkan kayan gadonsa sau ɗaya, shi ya sa aka ƙirga Hox 19 a wata kunamar Amurka, kuma ana danganta wannan yalwa da yadda bayanta ya rabu zuwa faffaɗan ciki mai huhu da siririyar wutsiya. Kaska, 'yar gidansu, na fitowa daga ƙwai da ƙafafu shida, sai bayan saɓar farko na bakwai da na takwas ke bayyana, abin da kan sa a ɗauki ƙananan a matsayin ƙwari.

Fiffike shi ne sashen da ya fi kama da sabon abu. Tsofaffin ƙwari masu fiffike da aka tono na da shekaru kusan miliyan 325. An shafe fiye da ƙarni ana jayayya ko daga fatar baya ya miƙo ko daga reshen ƙafa. Aikin Heather Bruce da Patel na 2020 a kan Parhyale ya nuna cewa sassan gindin ƙafar kakannin ƙwari sun shige cikin bangon jiki, kuma wani faifai da ke jikinsu ne ya zama fiffike. Idan haka ne, kowane ɓangare na da rabin gaskiya.

Farashin sulke

Ɓawon waje an gina shi ne da zaren wani sinadari mai suna kaitin da kuma furotin, ƙaguwa kuma ta ƙara masa sinadarin alli. Ba ya girma, don haka dole a tuɓe shi. Matakan a jere suke. Ƙwaƙwalwa na sakin sinadarin da ke umartar wani ƙullutu a ƙirji ya fitar da ekdaison, sinadarin da ke tayar da saɓa. Fatar ciki ta rabu da tsohon ɓawo, ta zuba wani ruwa a tsakani, ta shimfiɗa siririn rufi na sabon ɓawo. Sai bayan an gama wannan rufin ruwan ke fara narkar da cikin tsohon ɓawon, jiki ya tsotse mafi yawansa ya sake amfani da shi. Daga nan dabbar ta haɗiyi iska ko ruwa ta kumbura, tsohon ya tsage ta layin baya, ta zare kanta, har da rufin bututun numfashi da na farkon hanji da ƙarshensa. Tana nan da laushi har sabon ya buɗe ya yi tauri. Farin kyankyason da ake gani wani lokaci ba wani jinsi ba ne, wanda bai daɗe da yin saɓa ba ne. A wannan taƙi ake yawan mutuwa: ƙafa ta maƙale, fiffike ya bushe a nannaɗe, ko maƙiyi ya samu nama ba sulke. Ɗan farin ɗango na bi ta wannan sau 5 kafin ya yi fiffike, tsutsar sauro na da matakai 4 a ruwa. An samu wata ƙaramar atrofoda mai suna Marrella a Burgess Shale da laka ta binne tana tsakiyar fita daga ɓawonta.

Wani sinadari na biyu, wanda ake kira na ƙuruciya, shi ke yanke hukuncin abin da za a zama bayan saɓa. Muddin yana da yawa, tsutsa tsutsa za ta sake zama. Idan ya sauka, sai rikiɗa. Vincent Wigglesworth ya gano haka a shekarun 1930 ta hanyar cire kawunan wani ƙwaro mai shan jini na Kudancin Amurka a lokuta daban-daban. A cikin tsutsar ƙuda akwai 'yan jakunkuna 19 na sel-sel da aka keɓe tun a ƙwai, an riga an rubuta wa kowace abin da za ta zama, ƙafa ko fiffike ko ido, suna jiran wannan sauka. Magungunan ƙwari da dama nan suke kai hari. Diflubenzuron, da ake amfani da shi a kan 'ya'yan fara, na hana ƙera kaitin, sai sabon ɓawo ya kasa riƙe jiki. Pyriproxyfen na kwaikwayon sinadarin ƙuruciya, yana hana tsutsar sauro kammala rikiɗa, a gidan sauro kuma yana rage haihuwar macen da ta taɓa shi. Sinadarin da ke cikin 'ya'yan darbejiya na hana cin abinci yana kuma dagula ekdaison. Shi ya sa waɗannan ba sa kashewa nan take, kuma fesa su a kan baligin da ya gama saɓarsa ba ya ba da sakamakon da ake samu a kan ƙanana.

Gardamar da ta fi daɗewa a fannin tana gaban kai ne. A saman bakin fara akwai wani ɗan faifai da ke rufe muƙamuƙai, leɓen sama. A ɗan tayi yana farawa ne da tsiro biyu da ke haɗewa, kuma Distal-less na kunnuwa a cikinsa kamar a ƙafa, amma yana gaban yankin da Hox ke aiki. A 2014 an bayyana wata 'yar uwar Anomalocaris daga Chengjiang, Lyrarapax, wadda sawun ƙwaƙwalwarta ya tsira a dutse, masu binciken suka ce jijiyoyin manyan hannuwanta na gaba sun fito ne daga sashen farko na ƙwaƙwalwa, gaban idanu. Masu wannan ra'ayi na ganin waɗannan hannuwa ne suka ƙanƙance, suka haɗe, suka koma ƙasa suka zama leɓen sama. Wasu masanan na ganin hannuwan sun yi daidai ne da eriya da haƙoran gizo-gizo, suna kafa hujja da Kylinxia, wadda aka bayyana daga Chengjiang a 2020, mai jiki mai sulke da hannuwan gaba irin na Anomalocaris.